Da Takardar Marigayi Na Sa Ɗana Lakwal

Sallama ga masu shirya wannan mujalla da masu karanta ta. Ku yi haƙuri da rubutuna, da furfurata na koye shi a ajin yaƙi da jahilci, kuma abin da zan faɗa ɗin ma ba mai daɗin rubutawa ba ne. Ba zan kama sunan kowa ba, don wasa da suna ne ya kai ni inda nake yau.

Lokacin da abin nan ya faro ni matashin magidanci ne ɗan Tamaske, ga ƙarfi ga saurin fushi, irin mutumin da in ya ce nan za a bi, to ko rami ne a gaba sai an bi. Kamar sauran samarin garinmu, da an gama girbin hatsi sai in ɗaure kayana in tafi bida, wato cirani, a Abijan. Shekara uku na yi ina gadin gidan wani injiniya, mutumin kirki, bai taɓa wulaƙanta ni ba. Ni ne dai na riƙa wulaƙanta kaina da kallo. Kullum da safe ni ke buɗe wa ɗiyansa ƙofa, yara 'yan shekara uku da huɗu da 'yan jakunkunansu a baya, ana kai su lakwal, wato makarantar boko. Matarsa tana da wata koriyar jakar kwali ga kowane yaro, duk takardar da ya samo sai ta saka a ciki. Wata rana na tambayi uban gidan nawa ko waɗannan 'yan mitsi-mitsin suna gane wani abu, sai ya yi dariya ya ce mini ai ba a shekarar jarrabawa ake shirin jami'a ba, tun yaro yana koyon tafiya ake farawa. Maganar nan ta zauna mini a rai. Duk ranar da aka kawo saƙo ƙofar gida aka ce in sa hannu, na dangwala babban yatsana a tawada, sai in ji kamar an tuɓe ni a kasuwa. Na rantse ɗana ba zai dangwala yatsa ba, jami'a zai shiga, kuma kafin sa'anninsa.

Ɗiya biyu maza Allah Ya ba mu a lokacin. Na farin, mai ɗakina ta je gidan iyayenta a Keita ta haife shi, a asibiti, saboda haka aka yi masa takardar haihuwa cikakkiya, da suna da rana da hatimi. Kun san al'adarmu ta kunyar ɗan fari: daga ni har uwarsa babu wanda ya taɓa kiran sunansa na yanka. Kakarsa ta wajen uwa ce ta laƙa masa wani suna na wasa, shi kowa ya kama. Bayan shekara uku aka haifi ƙanensa, shi kuma a gida a Tamaske, ina can Abijan. Sai da aka yi makonni kafin wani ɗan garinmu ya sauka ya yi mini barka. Mahaifina ne ya yanka rago ya raɗa suna, kuma babu wanda ya tuna da zancen takarda, ni ma ban tambaya ba. Ƙaramin yana rarrafe ƙyanda ta shigo gari ta ɗauke babban. Aka rufe shi, aka yi zaman makoki, aka watse. Ba mu san ana zuwa a rubuta mutuwa ba kamar yadda ake rubuta haihuwa. Takardarsa ta ci gaba da zama cikin wani gwangwani a ƙasan akwatin uwarsa, tare da wata 'yar rigarsa.

Da na tara abin da na tara sai na bar bida, na kwashe iyalina muka koma Madawa na shiga harkar albasa. A can babu wanda ya san tarihin gidanmu. Yaron nan yana shekara huɗu, bakinsa ya buɗe sosai, yana bina tasha yana ƙirga buhuna har ashirin ba kuskure, dillalai suna dariya suna ce mini na haifi akawu. Kaina ya kumbura. Da aka buɗe lakwal na kama hannunsa na kai shi. Daraktan wani dattijo ne mai magana a hankali. Ya tambayi takarda na ce babu. Ya sa yaron ya ɗora hannu bisa kai ya kamo kunnensa na ɗaya gefen, yadda ake gwada yaran da ba su da takarda, hannun ko kusa bai kai ba. Sai ya ce mini in koma da shi gida ya ƙara shekara biyu yana wasan ƙasa, kafin nan in nemi shaidu biyu in je kotu a yi masa takardar haihuwa da sunansa, wannan shi ne shirin da ya kamata in fara da shi. Shawara ce kyauta, kuma duk duniya ba a taɓa ba ni wadda ta fi ta ba. Ni kuwa na fito ina huci, ina cewa baƙin ciki yake yi don ya ga ɗan talaka zai wuce nasa.

Ina isa gida na buɗe akwatin na ciro gwangwanin. A lissafin takardar marigayi, mai ita yana da shekara bakwai. Mako na zagayowa na ɗauki yaron na kai shi wata lakwal a can ɗaya gefen gari. Malamin da ke rubuta sunaye, mushe kamar yadda muke ce musu, ya dubi takarda ya dubi yaro, ya ce wannan ai ya yi ƙanƙanta da shekara bakwai. Na ce masa haka danginmu suke, gajeru ne, ni da sai na sunkuya nake shiga ɗakina. Ya yi murmushi ya rubuta, don takarda ta gaskiya ce, ga hatimi, ba shi da abin cewa. A hanyar dawowa na riƙa koya wa yaron cewa in mushe ya kira suna kaza, shi ake nufi, ya ɗaga yatsa ya amsa. Na ce masa kowa yana da sunan gida da sunan lakwal. Ya yarda, don ya san yana da yaya da ya rasu, amma da sunan wasan nan kawai ya san shi.

Mai ɗakina mace ce da ba ta ɗaga murya. Ranar da la'asar ta same ni ina alwala, ta durƙusa gefe ta ce in ji tsoron Allah in mayar da takardar inda na ɗauko ta. Ta ce sunan da ta yi shekara huɗu tana kunyar faɗa yaron yana raye, yanzu so nake a riƙa kwaɗa shi a ƙofar gidanta yana ƙasa. Na ce mata takarda ai takarda ce, abin da Turawa suka kawo ne, wanda ya tafi ba ya bukatarta. Ta tambaye ni, ran da mai ran ya bukaci tasa fa? Na ce mata ita da ba ta taɓa wuce Ƙonni ba me ta sani game da duniya, ta bar mini zancen karatu ta ji da tukunyarta. Ta tashi ta koma bakin murhu. Daga nan kullum da safe sai 'yan ajinsu su tsaya ƙofar gida suna kwala masa kira da wannan suna. Ina ganin yadda taɓarya ke tsayawa a hannunta har sai sun wuce, amma na yi kamar ban gani ba. Da azumi ya zo, ta saba aika hatsi wurin liman a yi wa mamatanmu addu'a, ni ke kaiwa in lissafa su. A shekarar ta ce in cire marigayin yaron daga ciki, tana tsoron a yi addu'ar mamaci da sunan da mai rai yake amsawa. Na ce mata camfi ne, amma na cire shi.

To me saurin ya haifa mini? Yaron da nake taƙama da shi ya shiga aji cikin yaran da suka girme shi da shekara uku. Barci yake yi bisa tebur, alli yana suɓuce masa, wani lokacin ya dawo da wando jiƙe don yana tsoron neman izini. Ya maimaita aji ɗaya. Ya wuce zuwa aji biyu da ƙyar, ya maimaita shi ma. A nan sa'anninsa na gaskiya, waɗanda iyayensu suka jira lokaci, suka tarar da shi zaune. Wato shekara biyun da dattijon nan ya ce in jira, sai da na jira su, sai dai ni a cikin kuka da bulala ɗana ya yi su, nasu kuma a wasan ƙasa. Mai hankali da a nan zai tsaya ya gyara, tun abin yana ƙarami. Ni sai na ƙara taurin kai. Na ɗauko masa mai bita yana zuwa gida kullum da marece, na hana shi ƙwallo, na hana shi zuwa hutu Tamaske ko Keita. Ina ce wa dangi karatu ne ba ya son wasa, alhali rabin dalilin tsoro ne kada wani tsoho ya ji sunan da ake kiransa da shi a lakwal. In an je gaisuwa ko biki, wuni ɗaya ne mu juyo, kuma ban yarda ya tafi da ko kaye ɗaya ba, wato littafin rubutu, don sunan yana jiki. Na sayi koriyar jakar kwali irin ta matar uban gidana, ina tara takardun sakamakonsa a ciki. Duk inda aka nemi ranar haihuwa ni ke faɗa, ba na ko duba takarda, don na haddace ta kamar Fatiha.

Daga aji uku Allah Ya buɗe masa kai, ya kama na ɗaya ya riƙe. Ya ci jarrabawar gama firamare, ya ci bepese ta ƙarshen kwalej, ya shiga lise, babbar sakandare, ɓangaren lissafi da kimiyya. Tun yana kwalej ruwa ne abin da ya dame shi. Akwai shekarar da korama ta ɓalle ta cinye lambun albasar wani abokin cinikina a wuni ɗaya, muka je jaje da shi, ya tsaya bakin ramin ya daɗe yana kallo. Tun daga ranar ba shi da zance sai na madatsar ruwa, yadda za a tare ruwan da ke gangarowa daga duwatsu a ajiye shi don rani. Ya san an ƙara masa shekaru a takarda, don yana ganin kansa cikin sa'anninsa, kuma ni da bakina nake fahari a tasha cewa ɗana yana shekara huɗu ya shiga lakwal. Bai ɗauki abin da zafi ba, rabin ajinsu in ba a ƙara wa mutum ba to an rage masa. Da sakamakon bak, jarrabawar ƙarshen lise, ya fito, ya ci da daraja mai kyau. Aka karanta sunayen a rediyo, na yanka rago, na zaga tasha ina karɓar barka kamar ni na zana jarrabawar. Uwarsa da ta ji sunan a rediyo ta shiga ɗaki tana kuka, na ce wa maƙwabta murna ce.

Bayan 'yan kwanaki mushensu na lissafi ya zo har gida da hantsi. Ya ce an fitar da sanarwar burs, wato tallafin karatu, za a ɗauki yara kaɗan a kai su wata makaranta a ƙasar waje inda ake horar da injiniyoyin ruwa, kuma a duk shekarun da ya yi yana koyarwa bai ga yaron da ya dace da wurin kamar nawa ba. Ya ce a haɗa dosiye, takardun neman shiga, maza, saura ƙasa da mako biyu a rufe karɓa. Na tashi da rawar jiki na ɗauko koriyar jakar nan, shekara goma sha biyar ina jiran ranar da za a ce in kawo ta. Ya buɗe yana yabawa, har ya kai ga takardar haihuwa. Na ga ya tsaya, ya ƙirga da yatsu, ya sake ƙirgawa. Sai ya ce akwai iyakar shekaru a sanarwar, kuma yaron ya wuce ta da wata bakwai. Ɗana ya yi dariya ya ce wa mushen kada ya damu, kuskuren takarda ne, shekara uku aka ƙara masa, Baba zai je kotu a gyara. Su biyun suka juyo suna kallona. Uwarsa tana bakin murhu, ita ma ta ɗago. Nan ne wurin faɗin gaskiya, a cikin gidana, gaban mutum uku kacal. Na buɗe baki na ce ƙwarai, gobe ma za mu je.

A kotu muka sami magatakarda, ya saurare mu, ya ce in kuskure ne sai mu je inda aka rubuta haihuwar mu kawo cikakken kwafi daga babban littafi, mu zo da wanda ya shaida haihuwar. Yaron ya ce ai da sauƙi, Keita ce, kuma kakarsa tana can da ranta. Da za mu tafi mai ɗakina ta biyo ni zaure ta ce don girman Allah in gaya masa kafin mu shiga mota, kada ya ji a bakin wani. Na ce mata zan gaya masa a hanya. Hanyar Madawa zuwa Keita ta Buza ba gajera ba ce, mota tana tafiya tana tsayawa, muna manne da juna a kujera ɗaya. Duk koramar da muka tsallaka sai ya nuna mini inda zai gina madatsa in ya dawo. A Buza mota ta tsaya ta daɗe, muka sauka mu biyu ƙarƙashin wata bishiya, babu kowa kusa. Na kira sunansa na gida, ya amsa, ya zuba mini ido. Sai na tambaye shi ko zai ci tsire. Kun san abin da nake roƙo a zuciyata duk tsawon hanyar nan? Allah Ya sa gara ta cinye littafin, ko ruwa ya lalata shi, a ce babu, sai a yi sabuwa. Mutum da girmansa yana roƙon Allah Ya shafe shaidar haihuwar ɗansa na fari don ya tsira daga kunya.

Littafin yana nan lafiya lau. Ma'aikacin ya buɗe shafin, rubutu tsaf kamar jiya aka yi. Ɗana ya ce masa shekarar ce aka yi kuskure. Mutumin ya girgiza kai ya ce wannan kwana uku da haihuwa aka rubuta shi, da takardar asibiti, ga na gabansa ga na bayansa duk a jere, ba yadda za a yi kuskuren shekara uku a irin wannan. Yaron ya dube ni, na ga tambaya a idonsa, na ce masa mu je mu gaida tsohuwa tukuna.

Mun sami surukata a rumfa tana tsinke zogale. Ta yi murna, ta shiga tsokanarsa irin ta kaka da jika, wai ga mijinta da ya gudu ya bar ta ba cefane, boko ya aure shi. Ni na durƙusa can nesa na gaishe ta, ta amsa tana kallon ƙasa, yadda muka saba shekara ashirin da wani abu. Shi ya zauna kusa da ita yana ba ta labarin abin da ya kawo mu, ya ce so ake ta je ta shaida cewa shi, wane ɗan wane, ba a shekarar da aka rubuta aka haife shi ba. Ya faɗi sunan lakwal ɗin. Hannunta ya tsaya cikin tire. Ta yi salati, ta tambaye shi wa ya koya masa kiran mamaci haka gatsau. Ya ce ai sunansa ne na takarda. Ta ce a'a, wannan sunan yayansa ne, a ɗakin can aka yi masa wankan farko, ita ta goya shi, ita ta sa masa sunan wasa don uwarsa ta sami abin kiransa. Ta ce shi kuwa ba a Keita ma aka haife shi ba. Sai ta ɗago ta dube ni cikin ido, matar da ba ta taɓa yarda mun haɗa ido ba tun ranar da na auri ɗiyarta. Sannan ta ja mayafinta ta rufe fuska. Yaron ya tambaye ni ko gaskiya ne. Kai kawai na iya ɗagawa.

Na zaci zai yi ihu, ko ya zage ni, wallahi da ya yi da na ji sauƙi. Tashi ya yi ya sallami kakarsa cikin ladabi ya kama hanyar tasha, na bi shi a baya kamar ni ne ɗan. Muna zaune muna jiran mota ta cika, ya daɗe yana zane a ƙasa da tsinke, sannan ya ce abu ɗaya yake so in gaya masa, shi wace rana aka haife shi. Kafin in yi tunani bakina ya riga ya faɗi ranar da na haddace, rana da wata da shekara, ta yayansa. Ya dube ni ya yi wani murmushi da ba na fatan maƙiyina ya gani a fuskar ɗansa, ya ce wannan ai ya sani. Na nemi tasa a kaina, babu. Ina Abijan ina buɗe wa ɗiyan wani ƙofa aka haife shi, kuma shekara goma sha tara ban taɓa tambaya ba.

Da muka koma kotu na kwashe gaskiya duka na gaya wa magatakarda, gumi yana zuba mini. Ya yi mana bayani dalla-dalla. Ya ce ana iya yi wa yaron takarda da sunansa na gaskiya, amma duk jarrabawar da ya ci da sunan yayansa ya ci ta. A idon hukuma wanda ya ci bak shi ne na farin, yana nan da ransa tunda ba a taɓa rubuta mutuwarsa ba, shi kuwa wannan da ke tsaye ba a haife shi ba balle ya shiga aji. Sai an tabbatar da mutuwar wancan, an tabbatar da haihuwar wannan, sannan a fara bin takardun karatu ɗaya bayan ɗaya, aikin watanni ne ko shekaru, kuma ni ma ina iya amsa tambaya gaban alƙali. Na ce masa a rufe ni yau, in dai yaron zai tafi. Ya ce rufe ni ba zai hana ranar rufe dosiye zuwa ba. Ranar ta zo, wata Juma'a ce, ta wuce. Cikin waɗanda aka ɗauka akwai sa'ansa, ɗan maƙwabcinmu da ya tarar da shi a aji biyu, wanda kullum a bayansa yake.

Ɗana ya shiga jami'a a nan gida, yana karanta wani fannin da ba shi ya so ba, kuma har yanzu da sunan yayansa ake kiransa a aji, don gyaran takardun karatun bai ƙare ba. Ranar da zai tafi ya buɗe koriyar jakar nan ya ciro shaidar bak ɗinsa, ya yi kwafin da zai tafi da shi, ya zo ya durƙusa gaban uwarsa ya miƙa mata ta ainihin da hannu biyu, ya ce ta ajiye wa yaya, tasa ce. Ta karɓa ta naɗe ta saka cikin gwangwanin nan tare da 'yar rigar. In ya zo hutu yana durƙusawa ya gaishe ni, yana bina tasha ya taya ni aiki, bai taɓa ɗaga mini murya ba. Amma zancen madatsar ruwa bai ƙara fita bakinsa a gabana ba, ko da damina ta yi ɓarna ana ta maganar a ko'ina. Na je Tamaske na bi tsofaffin mata gida-gida ina tambayar ranar haihuwarsa. Uwarsa ta ce Talata ce da hantsi, bayan an gama yankan hatsi. Wata ta ce kafin sallar layya ne, wata ta ce bayanta. Mahaifina da ya raɗa masa suna ya daɗe da rasuwa. Iyakar abin da na samo ke nan.

Abin da nake so iyaye su ji shi ne, son yaro ya yi karatu mai zurfi ba laifi ba ne, fara shiri da wuri ma ba laifi ba ne. Uban gidana gaskiya ya faɗa, ni ne na ɗauki maganarsa ta inda ba nan ba. Na ga jakar kwali da 'yan yara da jakunkuna, ban lura cewa takarda ta farko a cikin kowace jaka ta mai jakar ce ba. Shirin jami'a na farko shi ne a rubuta haihuwar yaro da sunansa da ranarsa, tun kafin a gama cin naman suna. Ku 'yan'uwana masu tafiya bida, in an yi muku albishir daga gida ku tambayi rana ku sa a rubuta, kada ku tsaya ga mace ce ko namiji. In Allah Ya karɓi yaro a je a rubuta, kuma a bar masa takardarsa. Kada a ƙara wa yaro shekara, kada a rage, kada a ba shi ta wa ko ta ƙane ko ta ɗan maƙwabci, don ƙaryar da aka yi yana aji ɗaya tana nan tana jiransa a ƙofar da ya fi so ya shiga. In hannunsa bai kai kunne ba a bar shi ya yi wasa. Kuma in matarka ta ce ka ji tsoron Allah, ka tsaya ka saurara, ko da ba ta taɓa wuce Ƙonni ba.

Watannin baya kotu ta kira ni na karɓi takardu biyu. Ɗaya ta haihuwar ɗana ce da sunansa na gaskiya, sai dai a wurin rana babu ranarsa, shekara ce kawai ta ƙiyasi aka dogara da ita. Ɗayar ta mutuwar yayansa ce. Aka miƙo mini tawada in dangwala yatsa, na ce a ba ni biro, na koyi rubutu yanzu. Tun ina Abijan nake mafarkin ranar da zan sa hannu a takardar hukuma kamar kowa, ashe a wannan zan fara. Na kawo ta gida na ba mai ɗakina. Da azumin bana ta auna hatsi ta ce in kai wa liman, in mayar da ɗanmu na fari cikin waɗanda ake yi wa addu'a. Na je na lissafa mamatanmu ɗaya bayan ɗaya, da na zo kansa, sunan da na faɗa ba adadi a lakwal da ofisoshi ba tare da na ji komai ba, sai ya ƙi fita. Liman ya jira ni har na iya.